Kafin Ka Zuba wa Kifin Ado Gishiri

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da masu kiwon kifin ado ya san tambayar da sabon shiga yake fara yi da zarar ya kai akwatin gilashinsa gida: cokali nawa na gishiri zan zuba? Ba ya ma tambayar ko ya dace a zuba, domin tuni mai sayar da kifin, ko wani bidiyo a waya, ya gaya masa cewa gishiri yana ƙara wa kifi lafiya. Daga nan sai a mayar da shi kamar gishirin miya. An canja ruwa a barbaɗa, an sayo sabon kifi a barbaɗa, kifi ya ƙi cin abinci a ƙara barbaɗawa. Kafin wata biyu shukokin cikin ruwa sun dafe sun narke, dodon koɗi ya mutu, kifin da ake ji da shi ya kwanta a gindin akwati, mai shi kuwa bai san yawan gishirin da ke cikin ruwansa ba, balle ya san ta inda zai fara gyara. Yawan maimaita wannan kuskure ne ya sa na ga ya dace a rubuta wannan jagora.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe abu ɗaya ne. Gishiri a wurin kifin ruwan daɗi magani ne, kuma hukuncinsa hukuncin kowane magani: sai an san ciwon, sai an auna, sai an sa masa ranar farawa da ranar dainawa. Akwatin da kifayensa ke cikin ƙoshin lafiya ba ya bukatar ko ƙwaya ɗaya. Amma akwai lokuta ƙalilan da gishiri ke ceton rai cikin arha, kuma wanda ya ƙi shi gaba ɗaya shi ma ya yi asara. Domin a rarrabe waɗannan lokuta, sai an fara sanin abin da gishiri ke yi a jikin kifi.

Abin da ke gudana a jikin kifi

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Ruwan daɗi, wato na kogi da tafki da rijiya, galibi bai kai rabin giram ba. Jinin kifin ruwan daɗi kuwa yana tsakani, wajen giram 9 a lita. Ɗabi'ar ruwa ce ya ratsa siririyar fata ya nufi ɓangaren da gishiri ya fi yawa, shi ya sa idan aka barbaɗa gishiri a kan yankakken gurji sai ka ga ya fara tsatsafo da ruwa. A wurin kifi gishirin yana ciki ne, don haka ruwa ba ya daina kutsawa jikinsa, musamman ta jan naman nan mai kama da mataji da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa, wanda yake numfashi da shi, mu kira shi mashaƙa. Allah ya shirya masa hanyar jure wannan: ba ya shan ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, ƙodarsa tana fitar da fitsari mai yawa tsararo, wasu ƙwayoyin halitta na musamman a mashaƙarsa kuma suna tsinto ɗan gishirin da ke cikin ruwa suna mayarwa jini. Yauƙin da ya lulluɓe jikinsa shi ne katangar da ke rage shigar ruwan.

Daga nan ne amfanin gishiri da illarsa duka suka fito. Kifin da ya ji rauni, ko ya sha jijjiga a hanya yauƙinsa ya goge, katangarsa ta tsage, ruwa yana shiga fiye da kima, gishirin jininsa yana zurarewa. Idan aka ɗaga gishirin ruwan kaɗan, an rage masa wannan wahala har ya farfaɗo. Ƙananan ƙwayoyin cuta da ke manne a fatarsa kuma jikinsu bai kai ƙwayar ƙura ba, gishiri yana zuƙe musu ruwa kafin ya taɓa kifin. Wato tsere ne ake yi tsakanin mutuwar ƙwayar cuta da gajiyar kifi, kuma awo ne kaɗai ke sa kifin ya yi nasara. Lafiyayyen kifi kuwa ba shi da katangar da ta tsage, ba shi da ƙwayar da za a kashe, don haka gishirin da aka zuba masa ba shi da aikin yi sai dai takura wa maƙwabtansa da ba sa jurewa.

Kayan da ake bukata

Ba a fafe gora ranar tafiya. A tanadi waɗannan tun kifi yana lafiya:

- Tsantsar gishiri, wanda ba a haɗa shi da komai ba.
- Ƙaramin sikeli mai auna giram, irin na masu sayar da zinariya ko na kicin. Idan babu, cokalin shayi da aka shafe bakinsa yana ɗaukar giram 5 zuwa 6 na gishiri mai laushi.
- Tef na awo, domin lissafin yawan ruwa.
- Kayan gwajin ruwa na amoniya da naitirait da pH.
- Ma'aunin zafin ruwa.
- Bokiti biyu ko roba mai faɗi waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba, ɗaya na jinya, ɗaya na tsaftataccen ruwa.
- Famfon iska da dutsensa, zai fi kyau a sami mai batir saboda ɗauke wuta.
- Ƙaramar ragar kamun kifi mai laushi.
- Ruwan da ba shi da kulorin. Idan na famfo ne a sa masa maganin cire kulorin, domin gishiri ba ya cire shi.
- Littafi da biro. Gishiri ba ya nuna kansa a ido bayan ya narke, abin da ka rubuta shi ne shaidarka.

Mataki na 1: Gano abin da ke damun kifin

Ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan kifin da ke kasala a akwati ba ƙwayar cuta ce ta fara kama shi ba, ruwan ne ya lalace saboda yawan abinci, ko cunkoso, ko matacin ruwa da bakteriya masu amfani ba su kafu a cikinsa ba tukuna. Saboda haka kafin hannunka ya kai ga gishiri, gwada amoniya da naitirait da pH, ka duba zafin ruwa. Idan amoniya ta bayyana, maganinta canja kashi uku cikin goma zuwa rabin ruwan da rage abinci, gishiri ba ya taɓa ta. Sannan ka ƙura wa kifin ido a cikin haske mai kyau. Fararen ɗigo kamar an yayyafa masa gari, yawan goga jiki a duwatsu, yauƙi mai kauri launin toka, ko wani abu fari kamar auduga a kan rauni, duk alamun matsalar fata ne, kuma nan ne gishiri ke da ta cewa. Kumburin ciki da ɓawon jiki ya miƙe tsaye, ko ramar da kifi ke yi alhali yana ci, ko farin kashi mai tsawo kamar zare, waɗannan ciwon ciki ne da gishirin ruwa ba ya kaiwa gare su. Amfanin wannan mataki shi ne hana ka ɓata kwanaki kana jinyar abin da ba shi ne ciwon ba, alhali ainihin ciwon yana ci gaba.

Mataki na 2: San asalin mazauna akwatin

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kifi ma ruwan gidansu yake nema. Moli ya fito daga gaɓar Meziko da Amurka ta Tsakiya, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku ya zama ruwan zartsi, don haka gishiri ba baƙonsa ba ne. Gufi da koi da jan kifin nan na ƙasar Sin da ake kira golfish, har da karfasa, suna jure giram 3 a lita na tsawon kwanakin jinya ba tare da damuwa ba. Amma ƙananan tetira da Corydoras sun fito ne daga kogunan Amurka ta Kudu, wasunsu daga yankin Amazon inda ruwa kusan ba shi da gishiri ko kaɗan. Haka kifi mai hancin giwa da ake kamawa a kogin Neja da na Kwango ana kaiwa kasuwannin duniya, da kifaye masu santsin jiki marasa ɓawo irin su kurungu, duk ana yi musu taka-tsantsan. Shukokin ruwa da dodon koɗi sun fi kowa saurin jin jiki, da yawa daga cikin shukokin suna fara lalacewa da zarar an wuce giram 1 zuwa 2 a lita. Akwai kuma wani ruɗani game da kifayen tafkin Malawi da na Tanganyika: ruwansu mai nauyi ne, amma nauyin ya fito daga kabonet da kalsiyam da maganiziyam, gishirin girki ba ya maye gurbinsu. Ƙa'idar ita ce mafi rauni a cikin akwati shi ke yanke awo. Idan ba zai jure ba, a ɗauke mara lafiyar a kai shi bokitin jinya, a bar babban akwati da ruwansa. A kuma duba matacin ruwa: idan akwai fararen tsakuwar ziyolait a ciki a cire su, domin gishiri yana sa su amayar da amoniyar da suka riga suka tsotse.

Mataki na 3: Zaɓi gishirin da ya dace

Abin da ake nema shi ne sodiyam kulorayid zalla. Wanda ake sayarwa a shagunan kayan kifi da sunan gishirin akwariyom shi ne wannan ɗin, kwalin ne kawai ya sa shi tsada. Gishirin leda na girki a Najeriya doka ta wajabta a sa masa aidin tun cikin shekarun 1990, wasu kamfanoni kuma suna ƙara masa sinadarin hana dunƙulewa. Abin da ake sawa ɗan kaɗan ne, idan an matsu za a iya yin gajeren wanka da shi, amma domin jinyar kwanaki gara a nemi farin gishiri mai tsakuwa wanda ba a ƙara masa komai ba. Babban haɗari a ƙasarmu yana wajen abubuwan da ke amsa sunan gishiri ko suke kama da shi. Kanwa ba gishiri ba ce, kabonet ce, tana ɗaga pH da sauri. Muhimmancin wannan kuwa shi ne a ruwa mai zafin digiri 25, idan pH yana 7, amoniya mai guba ba ta kai kashi 1 cikin 100 na amoniyar da ke ruwan ba, a pH 8 ta kai wajen kashi 5, a pH 9 kuwa ta haura kashi 30. Ɗan dunƙulen kanwa zai iya mayar da ruwan da kifi ke jurewa ya koma guba cikin sa'a guda. Kantun Bilma da manda da mangul na dabbobi ne da magungunan gargajiya, a gauraye suke da ƙasa da wasu sinadarai da ba ka san yawansu ba. Gishirin lalle ba ma na ci ba ne. Gishirin Epsom wani sinadari ne daban mai aiki daban. Haɗin gishirin da ake yi wa akwatin kifin teku shi ma yana ɗaga pH, ba a jinya da shi.

Mataki na 4: Auna ruwa kafin ka auna gishiri

Awon gishiri ba shi da ma'ana sai an san yawan ruwan da zai shiga. Auna tsawon akwatin da faɗinsa da zurfin ruwan da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Akwati mai tsawon 60 da faɗin 30 da zurfin ruwa 30 yana ɗaukar lita 54, idan ka cire abin da tsakuwa da duwatsun ado suka cinye sai ka ƙaddara lita 50 ko ƙasa da haka. Zurfin ruwa ake aunawa, ba tsayin gilashi ba, nan ne mutane da yawa ke zarce awo. A yi hattara kuma da shawarwarin intanet masu cewa cokali kaza a galan kaza. Galan na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5, ga shi cokalin wani gida ya ninka na wani, tsakuwar gishiri kuma ba ta cika cokali kamar mai laushi. Shawarar da ta fi yawo, wato babban cokali ɗaya a galan 5 na Amurka, idan aka lissafa ba ta wuce giram 1 a lita ba. Ka mayar da komai giram a lita, ka rubuta a littafinka da kwanan wata.

Mataki na 5: Daidaita awo da ciwon

Hanyoyi huɗu ne, kowace da dalilinta. Ta farko ita ce gubar naitirait, wadda ke addabar sabon akwati a makonni huɗu zuwa shida na farko, kafin ƙwayoyin bakteriya masu amfani su kafu a matacin ruwa. Naitirait yana shiga jini ta ƙofar da kulorayid ke shiga a mashaƙa, sai ya hana jinin ɗaukar oksijin, har ya sauya launi ya koma ruwan ƙasa, kifin yana haki a saman ruwa alhali iska na nan. Idan kulorayid ya yi yawa a ƙofar sai ya tare hanya. Masu kiwon kifi suna neman kulorayid ya ninka naitirait kamar sau goma, kuma tunda kashi 60 cikin 100 na gishiri kulorayid ne, giram 1 a lita 10 ya wadatar a yawancin lokuta. Wato cokalin shayi ɗaya a akwatin lita 50, awon da ko shuka ba ta ji. Sai dai wannan kariya ce kawai, canjin ruwa shi ke fitar da gubar.

Ta biyu ita ce doguwar jinya ta cutar farin ɗigo, wadda ƙwayar Ichthyophthirius multifiliis ke haddasawa. Ɗigon da kake gani ƙwayar ce a ɓoye ƙarƙashin fata, inda gishiri ba ya kai mata. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi. A wannan fitowar ce kaɗai ake kama su. Shi ya sa ake riƙe giram 2 zuwa 3 a lita na kwana 10 zuwa 14, kuma ba a dainawa don ɗigo ya ɓace, sai an ƙara aƙalla kwana uku zuwa biyar. A ruwa mai zafin digiri 25 zagayen ƙwayar kamar mako guda ne, amma da hunturu, lokacin da ruwa ke sanyi cutar kuma ta fi ɓulla, zagayen yana jinkiri, jinyar ma sai ta ƙara tsawo.

Ta uku ita ce gajeren wanka a bokiti, giram 10 a lita na minti 10 zuwa 30, domin ƙwayoyin fata da farin abin nan mai kama da auduga. Akwai wanka mai ƙarfi na giram 30 a lita wanda ba ya wuce 'yan daƙiƙu zuwa 'yan mintuna, amma wannan linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, sabon shiga ya bar wa ƙwararru. Ta huɗu ita ce ɗaukar kifi a doguwar tafiya, inda giram 3 zuwa 5 a lita a ruwan jigilar ke rage wa kifaye masu jurewa galabaita.

Mataki na 6: Narkar, zuba sannu a hankali, tsaya ka kalla

Kada a taɓa watsa ɗanyen gishiri cikin akwati. Ƙwayoyinsa suna sauka ƙasa, ruwan da ke kewaye da su ya yi kauri fiye da na teku, kifin da ke kwance a wurin ya ƙone a ciki da gemu. Ɗebi ruwan akwatin a kofi, narkar da gishirin har ya ɓace, sannan ka tsiyaya kusa da inda matacin ruwa ke fesowa domin ya gauraya. Idan doguwar jinya ce a raba awon gida uku. Akwatin lita 50 da ake son ya kai giram 3 a lita yana bukatar giram 150, sai a zuba 50 da safe, 50 da dare, 50 washegari da safe. Dalili shi ne ƙoda da mashaƙa suna bukatar sa'o'i kafin su sauya yadda suke aiki, bakteriyar matacin ruwa ma ba ta son sauyin farat ɗaya. Ƙara iska a duk tsawon jinyar. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya ragu zuwa wajen 7 da rabi, ga kifin da mashaƙarsa ta riga ta ji ciwo. Masu ba da shawarar a ɗumama ruwa domin hanzarta zagayen farin ɗigo a ƙasashen sanyi suke magana, wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ruwansa ya riga ya ɗumamu, abin tsoronsa shi ne a ɗauke wuta famfon iska ya tsaya. A gajeren wanka kuwa ba a barin wurin ko na minti ɗaya. Zafin ruwan bokiti ya yi daidai da na akwati, agogo a hannu, raga a ɗaya hannun. Da zarar kifi ya fara karkata gefe ko ya kife, a tsamo shi nan take a sa a tsaftataccen ruwa, ko da lokaci bai cika ba.

Mataki na 7: Bambanta cikon ruwa da canjin ruwa

Wannan shi ne kuskuren da ke kashe kifi a ɓoye. Ruwa yana ƙafewa ya bi iska, gishiri ba ya binsa, kamar yadda ake ganin farin bushi a tukunyar da ruwanta ya ƙone. Matacin ruwa ma ba ya tace shi. Saboda haka idan ruwa ya ragu da kansa, da tsurar ruwa ake cikawa. Idan kuwa kai ne ka ɗebe lita 10 ka zubar, gishirin lita 10 ya fita, sai ka mayar da na lita 10 kaɗai, wato giram 30 idan awonka giram 3 ne. Ɗauki misalin akwatin lita 50 mai giram 150 a ciki, wanda busasshiyar iskar hunturu ke zuƙe wa lita 5 a mako. Idan mai shi yana cikawa da ruwan gishiri, kowane mako ya ƙara giram 15, cikin mako goma ya kai giram 300, awon ya ninka, shi kuwa a ransa yana nan a kan giram 3.

Mataki na 8: Fitar da gishirin

Jinya ba ta ƙare ba sai ruwa ya koma yadda yake. Hanya ɗaya ce, canjin ruwa da tsurar ruwa, kuma a hankali, domin saukar gishiri farat ɗaya tana girgiza kifi kamar hawansa. Canja rubu'in ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. Daga giram 3, canji na farko ya bar 2.25, na biyu wajen 1.7, na huɗu ya sauko ƙasa da giram 1, sai a na takwas ne ake kaiwa wajen 0.3. Wannan lissafi yana nuna cewa abin da aka zuba a kwana biyu yana ɗaukar makonni kafin ya fita, don haka kada a yi gaggawar mayar da shukoki da dodon koɗi, kuma kada a haɗa wani sabon magani a kai ba tare da an tuna akwai sauran gishiri ba.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce masu kiwon tarwada suna amfani da gishiri kullum kuma kifinsu yana rayuwa. Gaskiya ne suna amfani da shi, amma a duba yadda ƙwararrunsu ke yi: wanka ne bayan an tantance 'ya'yan kifi ko an kawo su daga nesa, sannan a zubar da ruwan a sako sabo. Tankinsu ana sauya masa ruwa akai-akai, kifin iri ɗaya ne mai taurin rai, ba shuka, ba dodon koɗi, cikin 'yan watanni kuma an kwashe an sayar. Akwatin falo rufaffen gida ne mai ɗauke da jinsuna daban-daban da ake son su shekara da shekaru. Abin da suke yi ma hujja ce a kan cewa gishiri na lokaci ne.

Wani zai ce rigakafi ya fi magani. Haka ne, sai dai giram 1 a lita da ake zubawa da sunan rigakafi bai kai awon da ake dogara da shi wajen kashe farin ɗigo ba, amma ya isa ya dami shuka da kifi mai rauni. An biya farashin magani ba a sami waraka ba. Rigakafi na gaskiya shi ne killace sabon kifi a wani mazubi na mako biyu zuwa huɗu kafin a haɗa shi da sauran, da rage cunkoso, da ba da abincin da zai ƙare cikin minti biyu zuwa uku, da canja wani kaso na ruwa kowane mako. Wani kuma zai ce ya shekara yana zubawa bai ga komai ba. Mai yiwuwa kifayensa moli ne da gufi da golfish, kuma yana yawan canja ruwa, wato juriyar kifin da tsaftarsa ne suka rufa masa asiri. Ranar da ya sayo tetira, ko cuta ta shigo yana bukatar ya auna giram 3 a kan gishirin da bai san yawansa ba, ranar ce garin neman ƙiba zai samo rama.

Don haka kafin ka buɗe ledar gishiri, amsa tambayoyi uku a littafinka: wane ciwo nake jinya, giram nawa a lita nawa, kuma wace rana zan fara fitar da shi? Idan ɗaya daga cikinsu ta gagare ka, rufe ledar, ɗauko bokiti ka canja rubu'in ruwan, ka sake duba kifin da safe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.